Yaya ake haɗa waya da tsohon rediyon mota?

Da yawa daga cikin motocin da ke zirga-zirga a titunan Kano sun girmi wayoyin da ke aljihun masu tuƙa su da shekaru goma ko fiye, kuma wannan tazara ce ta haifar da wata 'yar sana'a a kewayen tashar jirgin ƙasa ta birnin, daga Fagge zuwa Sabon Gari.

Matsalar dai ɗaya ce. Karatun Alƙur'ani da tafsiri da waƙoƙi duk sun koma cikin waya da katin memori, amma rediyon da kamfani ya ƙero motar da shi bai san komai ba sai kaset, ko faifan CD, da tashoshin AM da FM.

A titin Beirut da titin Faransa da cikin kasuwar Sabon Gari ana sayar da ƙananan na'urori iri-iri da ke ɗinke wannan ɓaraka. Sai dai ba kowace ce ta dace da kowace mota ba, kuma wanda ya saya da ka yana iya asarar kuɗinsa, ko batirinsa, ko ma rediyon ɗungurungum.

Daga kaset zuwa memori

Yankin tashar ya daɗe yana karɓar baƙin kaya. Layin dogo ya iso Kano ne a 1911, kuma a gefensa kantunan Turawa da na Kwarori suka kafu, Sabon Gari kuma ta tashi a matsayin mazaunin baƙin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Tun daga garmaho zuwa rediyo da rakoda, kusan duk wani abin sauraro da ya shigo birnin sai ya fara yada zango a nan.

Kaset ya fi kowanne daɗewa a kan mulki. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da shi a 1963, kuma ta cikinsa ne muryoyin Alhaji Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos suka ratsa hanyoyin Arewa, kamar yadda tafsirin malamai irin su Shaikh Abubakar Gumi da Shaikh Nasiru Kabara, daga baya kuma Shaikh Ja'afar Mahmud Adam, ya zama abokin tafiyar direbobi.

Al'amarin ya fara sauyawa ne a 2001, shekarar da wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya, kuma shekarar da kamfanin Apple ya fito da na'urarsa ta iPod a Amurka. Ita iPod ɗin ba ta yi wani tasiri a Kano ba, an ma daina ƙera ta a 2022. Abin da ya kayar da kaset a nan shi ne waya mai araha mai cin memori, da kuma matasan da ke zaune da kwamfuta a bakin titi suna tura wa jama'a waƙa da wa'azi.

Lissafin ba shi da wuya. Sautin MP3 mai matsakaicin inganci yana cin kimanin megabait 1 a minti guda. Ke nan memori mai gigabait 8 zai ɗauki sama da awa 130, wato kimanin kaset 90 masu tsawon minti casa'in-casa'in.

Su kuwa motocin ba su bi wannan sauyi da sauri ba. Akasarinsu na hannu ne, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam, da suka gama aiki a Turai ko Amurka kafin su iso. Kamfanonin ƙera motoci ma sun yi jinkiri: sai a 2010 aka sayar da sabuwar mota ta ƙarshe mai cin kaset a Amurka, ƙirar Lexus SC 430.

Me zai hana a cire tsohon?

A wasu motocin babu abin da zai hana. Golf 3, wadda ta zama jakin hanya tsakanin Kano da garuruwan da ke kewaye, ramin rediyonta daidai yake da ma'aunin da kusan kowane kamfani ke bi, don haka a zare wannan a zura wancan.

Amma a motocin da aka ƙera daga wajajen shekarar 2000 zuwa sama, rediyo ya daina zama baƙo a jikin mota, ya zama ɗan gida.

Misali mafi kusa shi ne Honda Accord ta 2003 zuwa 2005, wadda 'yan Najeriya suka laƙaba wa EOD. A cikinta rediyo da maɓallan na'urar sanyaya mota a jikin allo ɗaya suke. Duk wanda ya tumɓuke rediyon ba tare da ya tanadi wani allo na musamman ba, to ya taɓa sanyin motar, a garin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu.

Haka nan Peugeot 406 ta baya-bayan nan, wadda rediyonta ke rubutu a kan wani ƙaramin allo da ke nuna agogo da wasu saƙonnin motar. A wasu motocin kuma maɓallan da ke jikin sitiyari ne ke mutuwa da zarar an sauya rediyo.

Akwai kuma batun ciniki. Dillalan mota a Kano sun san mai saye yakan leƙa gaban mota kafin ya buɗe inji, kuma motar da aka farke wa waya ba ta yin daraja ɗaya da wadda ba a taɓa ba.

Saboda haka abin da ya kamata mai mota ya fara tambaya shi ne: ta wace ƙofa sauti zai iya shiga wannan rediyo yadda yake?

Ƙofar da ke buɗe

Idan rediyon yana da ɗan rami da aka rubuta AUX a kansa, to magana ta ƙare. Igiya mai kai biyu irin na abin sauraro na kunne ita ce kawai abin buƙata. Toyota Camry daga ƙirar 2007 tana da shi, Accord kuma daga 2008. Wani lokaci ramin a ɓoye yake cikin akwatin da ke tsakanin kujerun gaba, kuma akwai masu shekara da shekaru da mota ba su san da shi ba.

Cikas ɗin ta ɓangaren waya yake. Tun da Apple ya cire ramin abin sauraro daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanonin suka bi sahu, sai an haɗa da wani ɗan mahaɗi, ko kuma a maƙala wa ramin na AUX ƙaramar na'urar Bluetooth mai karɓar sauti daga waya.

Ya kamata kuma a sani cewa ba duk motar da ke da Bluetooth ce ke iya kunna karatu ko waƙa ba. Wasu tsofaffin an yi su ne don amsa kira kawai. Wayar za ta nuna ta haɗu, amma sauti ba zai fito ba, kuma babu bakaniken da zai gyara wannan domin ba lalacewa ba ce.

Kaset marar zare

Ga motar da ke cin kaset, akwai wata dabara da ta girmi MP3 kanta. Wani Ba'amurke mai suna Larry Schotz ne ya samu takardar mallakar fasaharta a 1988, lokacin da mutane ke son kunna na'urar CD ta hannu a cikin mota.

Siffarta siffar kaset ce sak, sai dai babu zare a ciki, kuma wata siririyar igiya ta fito daga gefe. A ciki akwai ɗan ƙarfe mai kama da kan da ke karanta kaset. Sautin da ya fito daga waya yana zama maganaɗisu a jikinsa, shi kuma kan rediyon yana ɗauka kamar zare ne ke wucewa. Haƙoran robar da ke ciki aikinsu su ci gaba da juyawa, don kada rediyon ya zaci kaset ya ƙare ya tofo shi.

Abin mamaki, wannan tsohuwar hanya ta fi na'urori da dama na zamani fitar da sauti mai tsabta, domin babu tashar da za ta shiga tsakani.

Rauninta shi ne ta dogara da lafiyar injin kaset ɗin, wanda a mota mai shekara ashirin ya sha ƙurar hunturu, robobinsa kuma zafi ya saki. Idan sauti ya dushe, sau da yawa auduga da ɗan sifirit a goge kan sun wadatar. Idan kuwa rediyon yana ta juya kaset ɗin daga wannan fuska zuwa waccan ba tsayawa, to haƙoran ciki ne suka cije.

Gidan rediyo a ramin laita

Na'urar da ta fi kowace kasuwa a Sabon Gari ita ce wadda ake cusawa a ramin kunna taba, wadda galibi ake kira MP3 ta mota. Tana cin memori da filash, sababbin kuma suna haɗuwa da waya ta Bluetooth, har da wurin caji.

Farin jininta a fili yake: tana da araha, ba a kwance ko ƙusa ɗaya, kuma tana aiki da duk motar da ke kama FM. Amma ita ce kuma ta fi jawo ƙorafi, saboda da yawa daga masu sayenta ba a yi musu bayanin abin da suka saya ba.

Haƙiƙanin ta ƙaramin gidan rediyo ce. Tana ɗaukar sautin ta watsa shi a kan wata mita ta zangon FM, shi kuma rediyon motar ya kamo ta eriya kamar yadda yake kamo kowace tasha. Ƙarfinta bai wuce na 'yan taku kaɗan ba. A Birtaniya ma haramun ne amfani da ita har zuwa watan Disambar 2006, lokacin da aka halatta masu rauni ƙwarai.

Ɗabi'ar rediyon FM kuwa ita ce idan murya biyu suka haɗu a mita ɗaya, mai ƙarfin yake ɗauka ya watsar da raunanan. Don haka na'urar ba ta da katabus sai an sama mata mitar da babu kowa a kai.

A nan ne Kano ta bambanta da jiya. Kafin dokar 1992 da ta buɗe ƙofa ga gidajen rediyo masu zaman kansu, zangon FM a birnin kusan fayau yake. Freedom Radio ta fara watsa shirye-shirye a 2003 a kan mita 99.5, sannan wasu suka biyo baya: Dala a 88.5, Arewa a 93.1, Wazobia a 95.1, Cool a 96.9, Rahama a 97.3, ga kuma Rediyon Kano a 89.3, ban da wasu da dama. Wurin da ya rage babu kowa ya ƙanƙance, kuma tasha mai ƙarfi takan fantsama zuwa maƙwabtan mitarta.

Hanyar da ta fi ita ce a kashe na'urar tukuna, a bi zangon da hannu har a sami inda babu komai sai shuu, kuma babu tasha dab da shi ta sama ko ta ƙasa. Sannan a kunna na'urar a kai ta wannan lamba. Da yawa suna yin akasin haka, su bar ta a lambar da ta zo da ita daga kanti.

Ko an dace a Kano, ba lalle a dace a hanya ba. Mitar da ke fayau a Fagge tana iya zama gidan wata tasha a Zariya ko Kaduna, kuma direban da ya ji karatunsa ya rikiɗe zuwa talla yakan kai hannu yana laluben maɓalli alhali yana gudu.

Asalin motar ma yana da tasiri. Rediyon da aka ƙera don Amurka a kan lambobi marasa cika kawai yake tsayawa, kamar 88.1 da 88.3 da 88.5. Idan aka saita na'urar a 88.2, ba zai taɓa kama ta daidai ba.

Na Japan kuwa ya fi wuya. Zangon FM na can ya fara ne daga 76 ya tsaya a 90 a tsofaffin rediyoyi, saɓanin 87.5 zuwa 108 da ake amfani da shi a Najeriya. Irin waɗannan rediyoyi suna shigowa cikin ƙananan motocin da aka juya wa sitiyari, da kuma cikin kayan gyara na hannu irin na kasuwar Ƙofar Ruwa. Mai irin wannan rediyo ba zai kama Freedom ba sam, kuma filin da ya rage masa ya saita na'urarsa daga 87.5 ne zuwa 90 kawai, inda tuni Dala da Rediyon Kano suka zauna.

Wani abu da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne abin da aka watsa a iska ba sirri ba ne. Idan ana amsa kira ta na'urar, muryar wanda ya kira tana fita ne a zangon FM, kuma motar da ke gefe a cunkoson Bata ko na Kantin Kwari za ta iya ji idan rediyonta yana kan wannan mita. Ɗan kasuwar da ke maganar kuɗi da lambar asusu ya kamata ya san da haka.

Akwai wata 'yar uwarta da ake ɗaurawa a bayan rediyo, tsakanin igiyar eriya da rediyon. Ita tana katse eriyar idan an kunna ta, don haka tashoshi ba sa damun ta. Sai dai sai an kwance gaban mota.

Ƙofar baya

Hanyar da masana suka fi yabawa ita ce wadda ba a gani daga waje. Rediyoyi da yawa na Toyota da Honda da Volkswagen da Peugeot na tsakanin ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajajen 2010 suna da wani soket a bayansu, wanda aka tanada don akwatin da ke ɗaukar faifan CD shida a but. Yawancin masu motocin ba su taɓa sayen akwatin ba, soket ɗin yana nan a banza.

Ana sayar da wata na'ura da ke shiga wannan soket ta yi shigar burtu, rediyon ya ɗauka akwatin faifai ne. Da an danna maɓallin CD, sai sautin filash ko na waya ya fito kai tsaye, ba iska ba zare. Maɓallan sitiyari suna ci gaba da aiki, gaban motar kuma yana nan yadda kamfani ya yi shi.

Ta fi sauran tsada, kuma kowane kamfanin mota da irin bakin soket ɗinsa, wani lokaci ma ƙira biyu na kamfani ɗaya sun bambanta. Wasu nau'o'in kuma suna tilasta a jera sautin cikin jakunkuna shida masu lamba, kowace kada ta wuce 99, domin iyakar ƙidayar da rediyon ya sani ke nan. Mai tafsirin watan azumi na shekaru da yawa sai ya zauna ya tsara.

Inda ake tafka asara

Kafin a bar kowa ya cire kan batir ko ya zare rediyo, a tambayi lambar sirrinsa. Rediyoyin Honda da Volkswagen da wasu da dama suna kulle kansu idan wuta ta yanke, don maganin ɓarayi, kuma ba sa buɗewa sai da lambar. Motar da ta ratsa hannu huɗu kafin ta iso Kano da wuya takardar ta biyo ta. Idan aka yi ta gwada lambobi da ka, rediyon yakan ƙara ƙullewa.

Sai batun wuta. Rediyo yana da wayoyin wuta biyu, ɗaya mai wuta kullum don ya riƙe tashoshi da agogo, ɗaya kuma sai an murɗa makulli. A wasu motocin Turai matsayinsu a juye yake. Idan aka haɗa su baibai, ko dai rediyon ya riƙa manta komai duk safiya, ko kuma ya kwana yana shan batir. Haka ramin laita: a wasu motocin ba ya mutuwa ko an zare makulli, kuma na'urar da aka bari a ciki kwana da kwanaki tana iya sa a wayi gari ana turi.

Mafi haɗari shi ne al'adar feɗe waya a murɗa da hannu a naɗe da salatif, ko a maye gurbin fis ɗin da ya ƙone da zaren waya. Fis an yi shi ne ya ƙone domin kada motar ta ƙone. Kazalika wayoyin da aka lulluɓe da ruwan ɗorawa a ƙarƙashin sitiyari galibi na jakar iska ce mai kare rai a haɗari, ba wurin jan wuta ba ne.

Wani ƙorafi da ake yawan kai wa masu wayarin shi ne wani siririn kuka da ke tashi idan an taka totur, ya sauka idan an saki. Yakan faru ne idan waya tana caji daga motar kuma tana haɗe da AUX a lokaci guda, sai hayaniyar altaneta, wato injin da ke cajin batir, ta sami hanyar shiga sifika. A zare cajar a ji. Idan kukan ya ɗauke, to akwai ɗan matacin sauti mai araha da ake sawa a tsakiyar igiyar, ba sai an sauya rediyo ba.

Ita ma na'urar tana iya zama lafiya lau amma ta ƙi karanta abin da aka ba ta. Masu arahar MP3 kawai suka sani, alhali karatun da ake turowa ta WhatsApp, musamman wanda aka naɗa da murya, a wani tsari dabam yake zuwa. Da yawansu kuma ba sa karanta memorin da ya wuce gigabait 32. Masu tura waƙa suna iya juya sautin zuwa MP3 cikin 'yan mintuna. Wayar da aka bari a gaban gilashi cikin rana kuwa, batirinta yakan kumbura.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana ɗaukar amfani da waya yayin tuƙi a matsayin laifi, kuma dokar ba ta ware mai neman sura ko waƙa daga mai amsa kira ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, ke nan kallon allo na daƙiƙa uku ya kai tafiyar sama da mita 80 ba a ga hanya ba.

Wannan ne ma ya sa wasu direbobin dogon zango, kamar masu bin hanyar Maiduguri mai kusan kilomita 600, suka fi son filash da aka jera tun daga gida a kan waya: a cusa shi a tasha, a danna sau ɗaya, ba a sake taɓa shi ba sai an tsaya salla.